Tambaya da Amsa: Me Ke Cikin Bakassi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni masunci ne a karkarar Guri ta jihar Jigawa. Na daɗe ina jin ana cewa "tsibirin Bakassi" a rediyo. Shin tsibiri ne da gaske, kuma wane arziki gare shi har Najeriya da Kamaru suka je gaban alƙali a kansa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bakassi wani zirin ƙasa ne da ya kutsa cikin Tekun Atlantika a kudu maso gabashin Kalaba, tsakanin bakin kogin Kuros Riba da mashigar ruwan Rio del Rey, sai dai ƙoramu sun keta shi ta ko'ina har ya zama tamkar tarin ƙananan tsibirai, shi ya sa sunan ya bi bakin mutane.

Kai da ka san fadamar Haɗeja ba za ka sha wahalar gane wurin ba. Bambancin shi ne, ambaliyarku ta shekara-shekara ce, alhali can teku yakan cika ya janye sau biyu kullum, ya bar taɓo a gindin wasu itatuwa masu jure ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu ke tsaye a sarari kamar ƙafafun gauraka. A cikin waɗannan saiwoyi ƙananan kifaye da jatan lande ke samun mafaka su girma. Mazauna yankin, waɗanda akasarinsu Efik ne da sauran ƙabilun gaɓar Najeriya, da kwalekwale da taru suke ci, su yi banda su kai kasuwa, kamar dai yadda kuke yi.

Hankalin gwamnatoci kuwa ya fi karkata ga man fetur da ake sa ran yana kwance a ƙarƙashin ruwan, ko da yake a ganina kifin ne arzikin da talaka ya riƙe a hannunsa. Kamaru ta kai ƙara Kotun Duniya a 1994, kotun kuma ta ba ta gaskiya ranar 10 ga Oktoba, 2002, bisa yarjejeniyar kan iyaka da Ingila da Jamus, masu mulkin mallakar Najeriya da Kamaru a lokacin, suka ƙulla a 1913. Obasanjo da takwaransa na Kamaru, Paul Biya, sun sa hannu kan janyewar Najeriya a 2006, aka kammala miƙa yankin ranar 14 ga Agusta, 2008, zamanin marigayi 'Yar'aduwa. Masunta da dama sun yi ƙaura zuwa jihar Kuros Riba, nesa da ruwan da suka gada.