Sista, fara da matse tambayarki

Sista, kin ce tsofaffin da ake kwantarwa a ɗakinku suna yawan samun gyambon kwanciya, kina son yin bincike a kai amma kin rasa ta ina za ki kama daftarin. Ni ma nan na taɓa yin tuntuɓe.

Daftarina na farko takensa "Matsalar gyambon kwanciya a asibiti". Malamin da ke duba ni ya ja layi da jan biro, ya rubuta a gefe: "Su wa? Me za ki auna?" Ranar na ji haushi, amma gaskiyarsa. Damuwa na kai masa, ba tambaya ba.

Abin da ya fitar da ni shi ne tsarin PICO: waɗanne marasa lafiya, me za a yi musu, da me za a kwatanta, wane sakamako za a duba. Taki za ta iya zama haka: a cikin masu shekara 65 zuwa sama da ba sa iya juyawa da kansu, shin ajiye takardar juyi a gefen gado, ana sa hannu duk awa 2, yana rage sabon gyambo fiye da yadda ake yi yanzu? Kin ga wannan tana amsuwa.

Kada ki ƙirƙiro ma'auninki. Akwai ma'aunin Braden tun 1987, maki 6 zuwa 23, ƙarancin maki shi ne yawan haɗarin samun gyambo. Sai dai haɗari yake aunawa, shi gyambon kuwa da matakinsa ake rubuta shi. Nan fa ake zamewa: a baƙar fata, jan da ke nuna mataki na 1 ba ya fitowa sosai, sai kin taɓa kin ji ɗumi ko tauri. Ni ban koya wa masu aikin dare haka ba, sai alƙalumana suka zo a hargitse.

Ki leƙa PubMed da Cochrane, rumbunan binciken lafiya a intanet, ki ga inda na gaba suka tsaya. Masanin lissafin bincike kuma tun yanzu za ki nemo shi ya faɗa miki mutum nawa kike buƙata, ba sai kin gama tattarawa ba.

Kwamitin ɗa'ar bincike kuwa tabbas zai tambaye ki: tsohon da ba ya cikin hayyacinsa, wa zai ba da izini a madadinsa? Ki rubuta amsar a cikin daftarin kafin ki miƙa.