Tela Mai Son Kareti: "Yaya, Ban Makara Ba?"

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni tela ne a Fagge, shekarata 26. Akwai wasu 'yan kareti da ke atisaye a harabar wata firamare kusa da shagonmu, kullum bayan la'asar ina jiyo ihunsu daga kan keke. Raina ya biya, amma yawancinsu yara ne, kunya nake ji. Ban makara ba? Me zan tanada? Sannan na ga suna rusuna wa malaminsu, wannan ya tsaya min a rai. Daga wani tela, Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ba ka makara ba. Ni ma sai da gemu ya fito min na fara, kuma a ranar farko yaro ɗan aji huɗu ne ya nuna min yadda ake ɗaura bel. Na ji kunyar, kwana uku ta yi ta wuce. Abin da ya fi daɗewa shi ne ciwon cinya.

Kafin ka biya ko sisi, ka rufe shago da wuri ka je ka zauna a gefe ka kalli darasi guda daga farko har ƙarshe. Malamin za ka kalla, ba ɗalibai ba. Yana zagawa yana gyara wa kowa tsayuwa, ko kuwa ya harɗe yana danna waya? Idan sabon shiga ya yi kuskure, gyara ake yi masa ko duka? Ana ɗumama jiki kafin a fara? Na taɓa faɗawa hannun wani da ya haɗa ni faɗa da tsohon ɗalibi a makona na biyu, wai don ya gwada zuciyata. Na yi wata guda ina ɗingishi da targaɗe a babban yatsa. Mai irin wannan hali ba malami ba ne, ko da bel ɗinsa ya fi gawayi baƙi (launin bel ne ke nuna matsayi a kareti, baƙi kuwa na ƙwararru ne). Ka tambaye shi salon da yake koyarwa da wanda ya ba shi daraja, da ko ɗalibansa na zuwa gasa ta hannun hukumar wasanni ta jiha. Na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Zai yiwu ya ce maka Shotokan, don shi ne salon da na fi gani a wurarenmu. Asalin kareti tsibirin Okinawa ne da ke kudancin Japan, kuma wani malamin kareti ɗan tsibirin, Gichin Funakoshi, ne ya nuna shi a Tokyo a 1922, daga nan ya bazu a Japan. Ma'anar kalmar kareti "hannu wofi", wato babu makami. Saboda haka kada ka haɗa shi da kunfu na finafinan Chana da muka taso muna kallo, babu tashi sama, babu tsallake katanga.

Abin da za ka tarar kashi uku ne. Akwai kihon, wato tushe: tsayuwa, naushi, karewa, shuri. Akwai kata, jerin motsi da ake haddacewa kamar kana faɗa da abokan gaba da ba a gani. Sai kumite, karawa da mutum. Watanninka na farko kusan duk a kihon za su ƙare, kuma a nan mutane ke gudu. Za ka tsaya ƙafa ɗaya a gaba, gwiwa a lanƙwashe, malam na ƙirga ichi, ni, san (ɗaya, biyu, uku da Japananci), kana kai naushi ɗaya tak, ka je bango ka dawo, har cinyarka ta fara rawa. Gobe ma haka. Kai da ka yi zaman koyo a shago ka san wannan: wata nawa ka yi kana sa maɓalli da guga kafin maigida ya bar ka ka taɓa almakashi? Kata ta farko da aka saba gwada mutum da ita a Shotokan, Heian Shodan, motsi 21 ce kawai, amma har masu baƙin bel ba su daina gyara ta ba. Shi kuwa baƙin bel, mai zuwa a kai a kai yakan yi shekara uku zuwa biyar. Duk wanda ya yi maka alkawarinsa cikin wata shida, aljihunka yake kallo.

Tanadi ba shi da yawa. Makon farko wando mai saki da riga sun isa. Ka yanke farce, ka cire zobe da agogo, ka riƙe ruwa. Ba a sa takalmi, kuma idan daɓen siminti ne tafin ƙafarka zai yi bororo kafin ya yi kanta. Ka tambayi kuɗin wata da kuɗin gwajin canza bel tun yanzu, domin na biyun ne ke zuwa wa mutane ba shiri.

Gargaɗi na musamman gare ka: hannunka ne jarinka. Za ka ga masu dukan bango ko fasa bulo don burge 'yan kallo. Kada ka bi su. Yatsan da ya kumbura ba ya zura zare a allura, ga ɗinkin sallah na jira.

Batun rusunawa, ba kai kaɗai ya dama ba. A wurin Japanawa gaisuwa ce, suna kiranta rei. Amma akwai hadisi a Tirmizi da ya hana mutum rusuna wa ɗan'uwansa idan sun haɗu, shi ya sa da yawa daga cikinmu muke tsayawa cak mu ɗan kaɗa kai, ko mu dafa ƙirji. Wadda ake durƙusawa a kai goshi kusa da ƙasa kuwa, ni ban taɓa yin ta ba, kuma babu malamin da ya kore ni. Ka faɗa masa tun ranar farko cikin ladabi, hukuncin kuma ka ji daga malaminku na unguwa, ni ba fagena ba ne. Musulmi sun yi nisa a wasan nan: Feryal Abdelaziz ta Masar ce ta ci zinare a kumite a gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021, mace ta farko da ta ciyo wa ƙasarta zinare.

Farin kayan da 'yan kareti ke sawa kuwa, kada ka saya, ɗinka abinka. Ari na wani ka auna. Yadin auduga mai kauri, wando mai zariya da faɗin cinya, ka ninka ɗinki a hammata da tsakanin ƙafafu, nan suke fara yagewa. Hannun riga kada ya wuce wuyan hannu. In ya yi kyau, iyayen yaran nan da kake jin kunya su ne za su fara kawo maka aiki.