Tambaya da Amsa: Gireda zan fara saya ko eskabeta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ɗan jari, ina son shiga sana'ar haƙa da baje ƙasa: tushen gini, magudanar ruwa, share fili. Wasu sun ce in sayi gireda (injin baje ƙasa), wasu eskabeta (injin haƙa). Wacce ta dace da mai farawa?
Mai karatu daga Tumfure, Gombe

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ko ɗaya. Gireda abincinta aikin titi ne, shi kuwa yana hannun manyan 'yan kwangila, sai ta yi wata a ajiye. Eskabeta mai tan 20 irin CAT 320 ba ta taka kwalta, duk inda za ta sai an ɗora ta a lobed (babbar motar ɗaukar manyan injina), kuɗin ɗaukar kaɗai kan cinye ribar ƙaramin aiki. Nemi bakho, irin JCB 3CX ko CAT 428: bokiti a gaba na loda tifa da baje ƙasa, hannu a baya na haƙa, kuma da tayoyinta take zuwa wurin aiki. Ranar da aikin gireda ya faɗo, ka yi haya.

Idan tokumbo ce, kada ka yarda da mitar awoyi, ana taɓa ta. Je da makanikenka da sassafe a tayar da injin yana sanyi. Shuɗin hayaƙi alama ce yana ƙona man inji. A cika bokiti, a ɗaga hannun, a kashe injin. In yana sauka da kansa, silinda ko bawul na yoyo. A girgiza hannun a ga ko fil da bushi, wato ƙarafan da ke haɗa gaɓoɓin hannun, sun yi wasa.

Kuɗin aiki kuwa a kan awa ake lissafa shi, yini awa 8. Ka tara gas, ladan direba, giris, man inji da ake canzawa kusan duk awa 250, da abin da za ka ware na taya da gyara. Kai da mai aikin ku rubuta a takarda wa zai zuba gas, nan rigima ta fi tashi. Ƙasar da aka haƙa tana kumbura da kusan kashi 25 cikin 100, saboda haka tifofin kwasa za su fi abin da awon rami ya nuna.

Ƙasar Gombe rairayi ce mai saurin zaftarewa. Ramin da ya kai mita ɗaya da rabi a kwantar da bakinsa kafin leburori su shiga, a tara ƙasar aƙalla santimita 60 daga gefe. Ciko kuma hawa-hawa, kowane santimita 15 zuwa 20 a yayyafa ruwa a daddale, in ba haka ba damina ɗaya daɓen zai lotsa. A bar gangare na santimita 2 a kowace mita don ruwa ya bar jikin gini. In an kira ka Bauchi, fara tona ramin gwaji kafin ka yanka farashi, domin dutse na kusa, sai da hama, wato gudumar fasa dutse da ake ɗaura wa inji.

Ka yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Lokacin hunturu kuma a duba matatar iska kullum.