Tambaya da Amsa: Gasar Matasa ta Afirka, Gwajin Ƙashi da Hanyar Shiga Golden Eaglets

Tambaya: Ɗana yana buga ƙwallo a wata ƙungiyar unguwa, kocinsu ya ce zai iya zuwa tantancewar Golden Eaglets, ƙungiyar Najeriya ta 'yan ƙasa da shekara 17, a Abuja. Amma na ji ana wani gwajin ƙashi da ke kayar da yara. Mene ne shi, kuma yaron da shekarunsa na gaskiya ne zai iya faɗuwa? Daga wani mahaifi a Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Malam, mu fara da lissafin shekaru, don nan ne iyaye da yawa ke ruɗewa. Ba a duban ko yaro ya cika 17 a ranar wasa. Shekarar haihuwa ake bi, ana yankewa daga 1 ga Janairu. A gasar Afirka ta 2025, alal misali, sai wanda aka haifa ranar 1 ga Janairu 2008 ko bayan haka. Wanda aka haifa 31 ga Disamba 2007 ya fita, ko da kwana ɗaya ne tsakaninsu.

Gwajin kuwa hoton wuyan hannun hagu ne da na'urar MRI. A ƙarshen babban ƙashin hannu, gefen babban yatsa, akwai wani ɗan layin guringuntsi inda ƙashi ke ƙara tsawo. A hoton yaro ƙarami za ka ga layin a buɗe sarai. Yayin da yake girma layin na matsewa har ya haɗe ya zama ƙashi ɗaya. Likitoci sun kasa wannan haɗewa mataki shida. Daga na ɗaya zuwa na biyar yaro ya tsallake. Na shida, wato ya haɗe gaba ɗaya, an cire shi, kome takardar da ya riƙe. Ba allura, ba ciwo, ba kuma haskakawa irin ta X-ray. Kwanciya kawai zai yi ya miƙa hannu ya natsu, don motsi na ɓata hoton. FIFA ta fara amfani da gwajin a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 ta 2009 da aka yi a nan Najeriya.

Shin mai shekarun gaskiya zai iya faɗuwa? Zai iya, amma da wuya. FIFA ta ce idan layin ya haɗe tsaf, kashi 99 cikin 100 mutum ya wuce 17. Raunin gwajin ya fi yawa ta ɗaya gefen: ɗan shekara 18 ko 19 da ƙashinsa bai gama haɗewa ba yana iya tsallakewa. Sannan ga abin da ba a cika faɗa wa iyaye ba: yaron da ke mataki na biyar yau yana iya kaiwa na shida nan da 'yan watanni. Ya ci gwaji lokacin share fage, ya faɗi a bakin babbar gasa. Shi ya sa masu horarwa ke ɗari-ɗari da 'yan mataki na biyar, ko da sun fi kowa iya taka leda.

Ba ƙaramin abu ba ne idan aka faɗi. A 2016, Najeriya na riƙe da kofin duniya, 'yan wasa 26 suka faɗi gwajin daf da karawa da Nijar. Aka haɗa ƙungiya cikin gaggawa, Nijar ta fitar da mu, ba mu je gasar Afirka ta 2017 a Gabon ba. A 2023 an kori Sudan ta Kudu daga gasar Afirka da aka yi a Aljeriya saboda wannan gwaji. Gini kuma ta zo ta biyu a 2019, daga baya aka gano an sauya ranar haihuwar 'yan wasanta biyu, aka ƙwace gurbinta na gasar duniya aka ba Senegal.

Shawararmu, Malam: ka tabbatar takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, lambar NIN, takardun makaranta da fasfo duk rana ɗaya suke ɗauke da ita. Duk wanda ya ce a je kotu a yi rantsuwa a zabtare wa yaron shekara biyu, kada ka yarda. Ranar da aka fara yi masa rajista da ita ita za ta bi shi har ya ajiye takalmi, kuma saɓani guda ya isa ya rusa masa ciniki nan gaba.

Tambaya: Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da 17 sau biyar. To me ya sa yanzu ko gasar Afirka sai mu kasa zuwa? Daga wani mai karatu a Bukuru.

Amsa: Sau biyar ɗin gaskiya ne: 1985, 1993, 2007, 2013 ƙarƙashin koci Manu Garba, da 2015 lokacin da Victor Osimhen ya zura ƙwallo 10. Amma ko a zamanin ɗaukakar, kofin Afirka sau biyu kacal muka ɗaga, a 2001 da 2007. Gida bai taɓa zama mai sauƙi ba.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne sauya tsarin share fage. A da gida da waje ake bugawa da ƙasar da ƙuri'a ta haɗa ku. Daga gasar 2019 sai CAF ta mayar da shi shiyya-shiyya, shiyyoyi shida, kowace ta yi ƙaramar gasarta a ƙasa ɗaya cikin kusan mako biyu. Mu muna shiyyar WAFU B ta Afirka ta Yamma tare da Ghana, Kodebuwa, Burkina Faso, Nijar, Benin da Togo. Ƙasashe bakwai, gurbi yawanci biyu, ga Ghana da ta ci kofin duniya sau biyu, ga Burkina Faso da Kodebuwa da kowacce ta taɓa ɗaukar kofin Afirka. Ma'ana wasan kusa da na ƙarshe shi ne komai. A Accra a 2024, Kodebuwa ta doke mu da ci ɗaya mai ban haushi a wannan mataki. Mun doke Ghana mun zo na uku, amma na uku ba shi da tikiti. Haka aka yi gasar Maroko ta 2025 babu mu, kuma abin takaici a shekarar ce FIFA ta faɗaɗa gasar duniya zuwa ƙasashe 48, Afirka ta samu gurbi 10.

Sai dai ba za mu ɗora wa tsari laifin duka ba. Senegal, Mali da Maroko suna da makarantun ƙwallo inda yara ke wasa tare shekara da shekaru. Mu kuwa sai gasa ta ƙarato ake tara ɗaruruwan yara a filin FIFA Goal Project da ke Abuja, a tace cikin 'yan makonni. Gwajin ƙashi ya toshe hanyar rufe wannan giɓi da ƙarfin jikin manya, kuma hakan daidai ne. Tunda gasar ta koma ta kowace shekara, ƙasar da ba ta da 'yan ƙasa da 15 a ajiye za ta riƙa farawa daga tushe duk shekara.

Tambaya: Su ma Flying Eagles, wato 'yan ƙasa da shekara 20, ana yi musu gwajin? Daga wata mai karatu a Rikkos.

Amsa: A'a, Hajiya. A shekara 19 ko 20 ƙashin samari da yawa ya riga ya haɗe, hoton ba zai bambance komai ba, don haka takardu da tarihin rajista ake bi. A wannan rukuni mu ne kan gaba a Afirka da kofi bakwai, na ƙarshe a 2015 a Senegal. A 2023 da 2025 na uku muka zo, duka a Masar, kuma ƙasashe huɗun da suka kai kusa da na ƙarshe ne ke zuwa gasar duniya.

Tambaya: Wani ya ce in ba shi kuɗi zai sa ƙanena a sansanin Eaglets, daga nan ya kai shi Turai. Yaron shekararsa 16. Daga wani matashi a Gangare.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka. Ba a sayen gurbi a ƙungiyar ƙasa, kuma dokar FIFA ta hana cinikin ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan yanayi, kamar iyaye su ƙaura don dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Ko Osimhen sai da ya cika 18 kafin ya koma Wolfsburg ta Jamus. Ka nemi mutumin ya nuna lasisinsa na dillancin 'yan wasa, ka kuma je ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jihar Filato ka tambaya ko an san shi. Hanyar da aka sani ita ce ƙungiya ko makarantar ƙwallo mai rajista, da gasannin da masu farautar 'yan wasa ke zuwa kallo. Mikel Obi daga Plateau United ya fito, Ahmed Musa ya bi ta ƙungiyar JUTH ta Jos da Kano Pillars kafin ya tafi Holan. Ka sa a yi wa yaron rajista da sunansa da ranar haihuwarsa ta gaskiya, kuma kada ya bar makaranta.