Amsa ga ƙanenmu mai tambaya kan 'yan jarida da wasan daɓe a Sakkwato

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na karanta tambayarka. Ka ce ƙungiyarku ta shirya wasan daɓe, wato wasan kwaikwayo da ake yi a gaban 'yan kallo, kun kai wa 'yan jarida takardar gayyata, kaɗan daga cikinsu suka zo, suka tashi tare da babban baƙo, da labarin ya fito kuma jawabin babban baƙon ne kawai, ko sunan wasan ba a ambata ba. Shi ne kake tambaya ko ku riƙa ware wa 'yan jarida kuɗi, ko ku rabu da su ku tsaya ga Facebook. Na daɗe cikin harkar nan a garin nan, tun ina fitowa a yaron gida har na koma shirya wasa da koyar da na baya. Duka hanyoyin biyu ba na ba ka shawararsu.

Da farko ka cire wa ranka cewa jarida za ta cika maka zaure. A Sakkwato rediyo ke tara mutane, sai kuma baki da baki. Sanarwa biyu a Rima Rediyo ko a ɗaya daga tashoshin FM na cikin gari, da yaranku su zagaya Kanwuri da Mabera da Runjin Sambo da Arkilla suna faɗa wa abokansu, sun fi maka shafi guda a jarida idan 'yan kallo kake nema. Haka abin yake tun da. Mutanen da suka taso da wasannin kwaikwayo irin su Duniya Budurwar Wawa a Rima Rediyo, ko Idon Matambayi a NTA Sakkwato, ba a jarida suka ji labarinsu ba. Lokacin shirin ne ke yi, kowa ya nemi wurin zama.

To mene ne amfanin jaridar? Abu biyu ne: tana ajiye abin da aka yi, kuma a cikinta ake yi wa wasa sharhi. Wasan daɓe da an tafa an watse, ya tafi ke nan. Kaset ba ya jure zafinmu da ƙurarmu, waya tana ɓata, shafin Facebook kuma ranar da wanda ya buɗe shi ya mance lambar sirri ko ya yi fushi da ƙungiya, an rasa shi. Dubi Wasan Marafa na Abubakar Tunau, mutumin Mafara, wanda aka buga a 1949. Yau ɗalibai a sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna iya ɗaukarsa su yi nazari saboda ya hau takarda. Wasanni nawa aka yi a makarantu da ƙungiyoyin samari na ƙasar Sakkwato daga wancan lokaci zuwa yau, waɗanda suka sa mutane dariya har da hawaye, amma babu ko layi ɗaya da ke nuna an yi su? Na sha ganin ɗalibi ya zo neman tarihin wata ƙungiya, sai dai a haɗa shi da dattijo ɗaya ko biyu da suka rage, wannan ya ce shekara kaza aka fara, wancan ya ce a'a. Abin nan yana ci mini rai ƙwarai, domin mutanen sun yi aiki, kuma sun cancanci a san sunayensu.

Yanzu bari in gaya maka yadda aikin ɗan jaridar yake, don ka daina ɗaukar abin da ya faru a matsayin raini. Manyan jaridun da ake karantawa a nan, hedikwatarsu tana Abuja ko Legas. Yawancinsu wakili ɗaya gare su a jihar nan baki ɗaya. Shi ne na gidan gwamnati, shi ne na majalisa, shi ne na fadar Sarkin Musulmi, shi ne kuma za a buga wa waya da dare idan an kai hari a Sabon Birni ko Isa. Editansa yana jiran labari kafin yamma. Ku kuma wasanku sai bayan la'asar sakaliya ko bayan isha'i yake farawa, a fara da addu'a, a yi jawabin maraba, shugaban taro ya yi nasa, babban baƙo ya yi nasa. Kafin ɗan wasa na farko ya fito, mutumin nan ya riga ya sami abin da editansa zai karɓa ba gardama, wato jami'i kaza ya yi kira ga matasa. Sai ya tattara littafinsa. Ba na wanke shi gaba ɗaya, don akwai lalaci a ciki wani lokaci. Amma tsarin taronmu ma yana taimaka masa ya tashi. Tun da na ga haka na koma sa jawabin babban baƙo a ƙarshe, bayan an gama wasa. Wasu manyan ba su so, suna cewa suna da wani taron. Waɗanda suka zauna kuwa, da suka tashi magana, a kan abin da suka gani suka yi ta, kuma abin da ɗan jarida ya rubuta dole ya taɓo wasan.

Sannan akwai shafin nishaɗi. Tun da finafinan Kano suka yi ƙarfi, shafin nan nasu ne. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya fara a 1999 ta nuna cewa akwai masu sayen labarin 'yan fim da kuɗinsu, jaridun Hausa irin su Aminiya da Leadership Hausa kuma sun san fuskar jarumi tana jan mai karatu. Ba laifinsu ba ne, kasuwa ce. Mu 'yan daɓe ba mu da fuskar da aka sani daga Kano har Yamai. Abin da muke da shi labari ne na gida, kuma shi ya kamata mu miƙa. Kada ka rubuta wa edita cewa ƙungiya kaza za ta gabatar da wasa ranar kaza, don irin wannan takarda yana samun ta kullum. Ka gaya masa cewa yara 'yan sakandare sun rubuta wasa a kan iyalan da suka baro ƙauyukansu suka zauna a kangaye cikin gari, kuma wasu daga masu fitowa a cikinsa 'ya'yan irin waɗannan gidaje ne. Wannan zai tsaya ya karanta.

Zancen kuɗi kuwa, ka bambance abu biyu. Idan ka kira mutum ya taso daga nesa, ka ba shi ruwa da abinci yadda ake yi wa kowane baƙo, wannan mutunci ne. Amma ka damƙa masa ambulan don ya rubuta, ka sayi yabo ke nan, kuma yabon da aka saya kowa yana gane shi. Za ka ga an ce wasan ya ƙayatar, ya ilimantar, ya nishaɗantar, 'yan kallo sun yaba. Jimlolin nan za su zauna daidai a kan kowane wasa da aka taɓa yi a duniya, shi ya sa ba su da amfani ga naku. Mafi muni, da kun fara ba ku iya dainawa, kuma kun ɗora wa ƙungiyoyin da ba su da ko kuɗin hayar janareto nauyin da ba su iya ɗauka. Akwai wata shekara da wani wakili ya gaya mana ƙiri-ƙiri cewa labarinmu ba zai fita ba sai an ga haske. Ba mu ba shi ba, labarin bai fita ba, kuma ba mu mutu ba. A daidai wannan lokaci akwai wani wakilin da ke zuwa wurin gwajinmu a kan babur ɗinsa, ya zauna bisa benci har mu gama, bai taɓa tambayar ko sisi ba. Irinsa suna nan. Ku neme su, ku riƙe su hannu biyu.

Yadda za ka same su shi ne ka gayyace su wurin gwaji, ba ranar wasa kaɗai ba. A wurin gwaji babu manyan baƙi, babu hayaniya, zai iya zama da marubucin da mai shiryawa, ya ga yadda ake maimaita fitowa guda har ta zauna. Ka ba shi takarda guda ɗauke da sunan wasa, sunan marubuci, sunayen 'yan wasa da matsayin da kowa ya fito, da taƙaitaccen labari a layi biyar ko shida. Ka rubuta ta da Hausa da Turanci, don wakilin jaridar Turanci ba ya da lokacin fassara. Ka haɗa da hotuna masu kyau waɗanda aka ɗauka da rana ko a ƙarƙashin fitila mai haske, ana tsakiyar wasa, ba hoton da aka jeru ana kallon kyamara ba. Sau da yawa hoton ne ke sa a ba labari fili. Jaridar mako-mako kuma tana rufe shafukan al'adu tun kafin ranar fitowarta, saboda haka ka aika da wuri. Kada ka mance da jaridar The Path ta gwamnatin jiha da wakilin kamfanin dillancin labarai na NAN, don abin da NAN ta saki jaridu da dama suna ɗauka.

Wani abu da ya shafi garinmu musamman: 'yan mata da matan auren da ke fitowa. Ka san da wace wahala ake samun iznin iyaye da mazaje. Hoto guda da aka sa wa take na ganganci yana iya raba yarinya da ƙungiya har abada, ya jawo mata magana a unguwa. Kafin ka miƙa hoton kowace mace, ka tambaye ta, ta tambayi gida. Ka kuma yi wa ɗan jaridar bayani idan wasan ya taɓo malami ko basarake, don kada ya ciro jimla ɗaya daga bakin mugun cikin wasa ya mai da ita kanun labari. Na ga inda hakan ya rufe wa ƙungiya ƙofar makarantar da take gwaji.

Haka nan wasannin da ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar nauyi, na rigakafin shan inna ko karatun 'ya'ya mata ko tsabtar ruwa. Waɗannan suna samun shiga jarida cikin sauƙi, amma da sunan mai ba da kuɗi. Ku sai a ce wasu matasa sun gabatar da wasan kwaikwayo. Tun wurin sa hannu a yarjejeniya ku nemi a rubuta cewa sunan ƙungiyarku da na marubuci za su fito a duk sanarwar da za a raba wa 'yan jarida. Yawanci ba su ƙi, ba a tambayarsu ne kawai.

Na bar wanda ya fi nauyi a ƙarshe, shi ne sharhi. Muna kukan ba a rubuta mu, amma da yawanmu yabo muke nufi. Sakkwato gari ne da kowa ya san kowa. Wanda zai rubuta cewa wasanka ya yi tsawo, gobe za ku haɗu a ɗaurin aure ko a masallacin Shehu, wataƙila ma surukin yayanka ne. Kunya ta hana shi faɗin gaskiya, mu kuma zuciya ta hana mu jin ta. Wani ɗalibin jami'a ya taɓa rubuta sharhi a kan wasan wata ƙungiya da na sani. Ya ce rabin farko ya yi armashi, amma bayan an kama ɓarawon babu sauran abin jira, aka ci gaba da wa'azi har mutane suka fara fita, kuma muryar uwar gida ba ta kai layin baya. Shugaban ƙungiyar ya yi ta faɗa, har ya ce an turo yaron ne. Na kalli wasan, kuma duk abin da yaron ya faɗa haka yake. Da suka sake yin sa bayan Sallah sun yanke ƙarshen, sun matso da matar gaba, wasan ya zauna. Ba wanda ya je ya yi wa yaron godiya, shi kuwa bai ƙara rubutu a kan wasa ba. Wannan asara ta fi mini zafi a kan dukkan labaran da aka ƙi buga mana.

Domin gaskiyar magana, babu jaridar da za ta ɗauki ma'aikaci ta ajiye a Sakkwato don kallon wasan daɓe kaɗai. Masu sharhin daga cikinmu za su fito, ko daga ɗaliban Hausa da na Turanci a Ɗanfodiyo da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, da masu koyon aikin jarida a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi. Yaran nan suna neman abin da za su rubuta sunansu ya fito, editocin shafin adabi kuma suna neman rubutu mai kyau da zai cika musu fili. Tun zamanin Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, wasiƙu da rubuce-rubucen masu karatu suna da wurinsu a jaridar Hausa. Ku je wurin malaman sassan nan, ku ce kun ware kujeru kyauta ga ɗaliban da za su kalla su rubuta, da sharaɗin ba za ku ga rubutun ba sai ya fito. Ku cika wannan alkawari ko da abin da ya fito ya yi muku ɗaci. Idan kuna da ja, ku mai da amsa a rubuce, a shafin da aka yi maganar, ba a bi yaro gida ba.

Facebook ɗin ma ku riƙe shi, ku sa gajerun bidiyo da sanarwa, yana da ranarsa. Amma duk abin da aka buga a kanku, ko layi uku ne, ku yanke shi ku manna a babban littafi tare da kwanan wata, ku haɗa da kwafin wasan da jerin sunayen 'yan wasa. Ku yi kwafi biyu, ɗaya a hannun sakatare, ɗaya ku nemi a karɓa a ajiye a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu ko ɗakin karatu na jami'a.

Idan kun sa ranar wasanku na gaba, turo mini takardar da za ku ba 'yan jarida in duba kafin ku raba. Ka kuma gaya mini inda kuke gwaji da lokacin, zan taho da ɗalibai biyu da nake ganin suna da hannun rubutu. Allah ya taimaka.