Amsa ga Yaya kan zaman natsuwa da maganin hawan jini

Assalamu alaikum. Yaya ina wuni, ya ƙarfin jiki? Na ji saƙonki tun azahar, ina bakin aiki ne, ga cunkoson Kawo, sai yanzu na shigo gida. Kin ce 'yar autarki ta nuna miki bidiyon masu zama su rufe ido suna bin numfashinsu, kina tambaya ko in kin riƙe wannan za ki iya ajiye amlodipine ɗinki, ƙwayar hawan jinin da kike sha. A'a, don Allah kar ki ajiye. Da wannan na fara saboda na san 'yan gidanmu, rabin murya ake ji a kashe.

Shi abin ba ƙarya ba ne. Wani malami Jon Kabat-Zinn ya tsara shi a Jami'ar Massachusetts ta Amurka a 1979, sati 8 ake koyar da shi. Kin ga in hankali ya tashi, jiki yana sakin wani sinadari, adirenalin, zuciya ta ƙara gudu, jijiyoyin jini su tsuke, awon hawan jini ya hau. To ana koya wa mutum ne ya lura da tunani in ya taso, kar ya bi shi. Kuɗin makaranta ya faɗo miki a rai, ki ce na gan ka, ki koma kan numfashi. Ya sake dawowa, ki sake komawa. Ko sau ashirin ne, ba faɗuwa kika yi ba, aikin kenan.

Ni a ganina inda ya fi amfani shi ne barci da fargaba. Ke da kanki kin ce da kin hango na'urar awo gabanki ke faɗuwa. Muna ganin irinku kullum, a gida lafiya lau, a gaban likita ya zarce 140 bisa 90. Amma sauƙin da zaman ke kawo wa awon kaɗan ne, bai kai na ƙwaya ba. Kuma ciwon nan ba ya sallama, kina jin garau yana ɓarna a ƙoda da zuciya.

Ki gwada bayan asuba, kafin jikoki su tashi da hayaniya. Kina kan darduma, minti 10, ki ja iska ta hanci a hankali, ki sake ta, sakin ya fi jan tsawo. In kin haɗa da tasbihinki ma ya yi, dama natsuwar ba baƙuwarmu ba ce.

Sai gishiri, Yaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya kai giram 5 a rana, wajen ƙaramin cokalin shayi, har da na cikin dunƙule. Na dai ci miyarki ranar suna, ban ce komai ba.

In za ki auna, ki zauna minti 5 tukuna, ki jingina bayanki, ba surutu. Ki rubuta na safe da na dare har sati ɗaya, ki tafi da takardar ranar ganin likita a asibitin Barau Dikko. Ki turo min hotonta ni ma. A gaida Alhaji.