An Kewaye Rukunin Gidaje, An Toshe Mana Hanya: Ina Mafita?

Malam, na karanta wasiƙarka. Ka ce unguwarku ba ta da takardun fili, an gina rukunin gidaje mai katanga a gefenku, katangar kuma ta toshe hanyar da kuke bi zuwa bakin titi, ga kuma barazanar rusau da ake yi muku. Har matan da ke wanki da shara a cikin gidajen sai sun yi dogon zagaye kafin su kai ƙofa.

Rashin takardar fili daban, haƙƙin hanya daban. Idan hanyar tana cikin taswirar gari, ƙungiyar mazauna rukunin ba ta da ikon rufe ta sai da izinin hukumar tsara birane. Ku nemi ganin taswirar da aka amince wa mai ginin.

Idan kuwa ta ratsa ta filin wani ne, aikin ya fi wuya. A ƙasashe da dama da suka gaji dokar Ingila, bin hanya shekara 20 ba yankewa yana iya haifar da haƙƙi, muddin a fili aka bi ta, ba da ƙarfi ba, kuma ba da izinin mai filin ba. Sharaɗi na ukun nan shi ke kayar da mutane. Ranar da maigadi ya miƙo muku katin wucewa, ko aka kawo takarda mai cewa alfarma ake yi muku, kada kowa ya sa hannu kafin lauya ya duba, domin alfarma ana iya janye ta gobe. Lauyan masu rukunin zai ce irin wannan haƙƙi na wanda ya mallaki filin da hanyar ke kaiwa gare shi ne, ku kuwa ba ku da takardar fili. Ku kafa hujja da cewa hanyar ta jama'a ce: dattawan da suka san ta tun tana turba, da tsofaffin hotunan Google Earth da ke nuna ta kafin a ɗora bulo.

Barazanar rusau kuwa, abin takaici ne yadda ake tsorata talaka da ita. Sashe na 11 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa ya amince da haƙƙin samun matsuguni. A 1997 kwamitin yarjejeniyar ya ce kafin a tashi mutane sai an tuntuɓe su, an ba su wa'adi da damar zuwa kotu. Kotun Ƙolin Indiya ma, a shari'ar Olga Tellis ta 1985 kan tashin masu zama a gefen titi, ta ce hanyar neman abinci tana cikin haƙƙin rayuwa. Wannan ba zai mallaka muku filin ba, amma hujja ce a gaban alƙali.

Kada matasanku su taɓa katangar, don nan take maganar za ta koma laifin ɓarna. Ku rubuta wa mai ginin da hukuma da sunan ƙungiyar unguwa, ku nemi ƙofar masu tafiya a ƙasa, ku adana kwafi mai hatimin karɓa. In an yi biris, ku nemi umarnin kotu da wuri, domin jinkiri yana raunana irin wannan buƙata.